Yadda ake sa sabis ya tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta a Linux da danginsa

Wanda ya girka manhaja a Linux, ya kunna ta da hannu, ya ga tana aiki, yakan ɗauka magana ta ƙare. Ranar da wuta ta ɗauke, ko aka sabunta tsarin aka sake tayar da na'urar, kwamfutar za ta dawo lafiya lau, amma shafin intanet ko rumbun bayanan da ke kanta ya ƙi motsi, domin babu wanda ya gaya wa tsarin ya tayar da shi. Kunna sabis, wato shirin da ke zaune yana aiki a bayan fage, a yanzu daban, sa shi cikin jerin abubuwan da za su tashi tare da na'ura daban. Akwai kuma abu na uku da ya fi ba mutane wahala: halin da sabis ke samun kansa a daƙiƙun farko na tashin na'ura ba irin halin da kake ciki ba ne sa'ad da kake zaune gaban tagar umarni. A lokacin, ta yiwu sadarwa ba ta haɗu ba, wani faifan bai hau ba, kuma babu ɗaya daga cikin saitunanka na kanka da aka karanta. Yawancin aikin da ke ƙasa na magance wannan ne.

Mataki na farko: gano wanda ke tayar da komai

Da zarar kanel, wato zuciyar tsarin, ta gama hawa, sai ta kunna shiri guda ɗaya mai lamba 1, shi kuma ya tayar da sauran. Umarnin da za ka yi amfani da su sun dogara ne da wane ne wannan shirin, don haka ka tambaya kafin ka taɓa komai:

```
ps -p 1 -o comm=
```

Idan amsar ta fito `systemd`, kana tare da mafi yawan masu Linux a yau. Lennart Poettering da Kay Sievers ne suka fito da shi a 2010. Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, RHEL 7 a 2014, sannan Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015. Idan `init` ka gani, to ko dai tsohon tsarin SysV ne, ko OpenRC na Alpine da Gentoo, ko ɗaya daga cikin tsare-tsaren BSD, irin su FreeBSD da OpenBSD. `launchd` kuwa na macOS ne. Za mu fi daɗewa a kan systemd, sauran su zo daga baya.

Mataki na biyu: sabis ɗin da ya zo da fayil ɗinsa

Manhajoji irin su nginx, PostgreSQL da OpenSSH suna zuwa da fayil ɗin sabis nasu, ba sai ka rubuta komai ba. Fara da duba matsayinsa:

```
systemctl is-enabled nginx
systemctl is-active nginx
```

Tambaya ta farko ita ce ko zai tashi gobe, ta biyu ko yana aiki yanzu. Ana iya samun `disabled` a ta farko da `active` a ta biyu, kuma wannan shi ne ainihin tarkon da muka fara da shi. Gyaran layi ɗaya ne:

```
sudo systemctl enable --now nginx
```

`enable` kaɗai ba ya kunna komai a yanzu, `start` kaɗai ba ya alƙawarin komai bayan an sake tayarwa, `--now` ne ke haɗa su. Kada ka dogara da abin da ka saba gani a wata na'urar: Debian da Ubuntu sukan kunna sabis su kuma sa shi a jeri tun lokacin girkawa, Fedora da RHEL kuwa sukan bar yawancinsu a kashe sai ka nema. Sunaye ma suna bambanta. Abin da Debian ke kira `ssh`, Fedora da Arch `sshd` suke ce masa.

Wasu amsoshi biyu za ka iya gani. `static` na nufin fayil ɗin ba shi da sashen da ake sa shi a jeri da shi, wani sabis ne ke jawo shi idan ya buƙace shi, ba kuma matsala ba ce. `masked` na nufin wani ya toshe shi da gangan, an mayar da sunansa yana nuni zuwa `/dev/null`. Ana buɗe shi da `systemctl unmask`, amma ka fara binciken dalilin toshewar tukuna, don ba kasafai ake yin hakan a banza ba.

Mataki na uku: rubuta fayil ɗin sabis don manhajarka

Nan ne aikin yake. A ce kana da ƙaramin shiri na Python a `/opt/rahoto/rahoto.py`, yana ɗauko bayanai ta intanet yana ajiyewa a wani faifai da ke hawa a `/srv/bayanai`.

Da farko ka yi masa asusu nasa. Sabis ɗin da ba a faɗi mai shi ba yana gudana ne da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'ura, kuma shirin da aikinsa kawai rubuta rahoto ba shi da dalilin riƙe ikon goge na'ura gaba ɗaya.

```
sudo useradd --system --no-create-home --shell /usr/sbin/nologin rahoto
sudo chown -R rahoto: /srv/bayanai
```

Sai ka buɗe sabon fayil a `/etc/systemd/system/rahoto.service`. Wurin yana da muhimmanci. `/usr/lib/systemd/system` na fayilolin da manhajojin da aka girka suka zo da su ne, sabuntawa na iya shafe duk abin da ka gyara a can. `/etc/systemd/system` naka ne, kuma idan suna ya zo ɗaya a wuraren biyu, na `/etc` ake bi.

```
[Unit]
Description=Mai tattara rahoto
Wants=network-online.target
After=network-online.target
RequiresMountsFor=/srv/bayanai

[Service]
Type=simple
User=rahoto
WorkingDirectory=/opt/rahoto
EnvironmentFile=/etc/rahoto.env
ExecStart=/usr/bin/python3 /opt/rahoto/rahoto.py
Restart=on-failure
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Bari mu bi shi a hankali, don kusan kowane layi yana toshe wata kafa ce.

Layuka biyu na `network-online.target` ba maimaici ba ne. `After=` tsarin layi kawai yake faɗa: idan ku biyun za ku tashi, ka tsaya a bayansa. Ba ya kiran kowa. `Wants=` ne ke cewa a tayar da wancan ɗin ma, amma shi kuma bai damu da wa ya riga wa ba. Sai an haɗa su ake samun abin da ake so. Mutane da yawa suna rubuta `After=network.target` su tsaya, alhali wannan ba ya tabbatar da cewa na'urar ta samu adireshi ko tana iya kaiwa waje. Shirin da kawai yake sauraron masu shigowa a kan dukkan adireshi yakan wadatu da shi. Shirin da zai nemi wata na'ura tun daƙiƙar farko kuwa zai faɗi. Ka kuma sani cewa `network-online.target` yana da amfani ne idan mai jiran sadarwar yana cikin jeri, wato `NetworkManager-wait-online.service` ko `systemd-networkd-wait-online.service`, gwargwadon wanda ke kula da sadarwa a na'urarka. Duba shi da `is-enabled` kamar yadda muka yi a sama.

`RequiresMountsFor=` yana hana wata ɓarna mai zuwa ba tare da ƙara ba. Idan faifan bai hau ba shirin ya tashi, foldar `/srv/bayanai` tana nan dai, fanko, a kan babban faifan tsarin. Idan shirin yana da izinin rubutu a cikinta zai ci gaba da zuba bayanai hankali kwance, daga baya faifan gaskiya ya hau a kanta ya rufe abin da aka rubuta. Babu saƙon kuskure, sai dai a nemi bayanai a rasa, babban faifan kuma yana cika ba a san dalili ba.

`Type=simple` na shirin da ke tsayawa a gaba yana aikinsa ne, bai koma bayan fage ba. Tsofaffin shirye-shirye da yawa sukan haifi wani aikin su bar shi yana gudana, na farkon ya fita. Idan ka ba irin wannan `simple`, systemd zai ga na farkon ya fita, ya ɗauka sabis ya ƙare, ya kashe sauran. Irin su `Type=forking` suke buƙata, tare da `PIDFile=`. A ganina, idan shirin yana da zaɓin da ke hana shi komawa baya, gara ka yi amfani da zaɓin ka bar shi a `simple`, ya fi sauƙin bibiya. Aikin da ake yi sau ɗaya a gama, kamar saita wani abu a lokacin tashi, `Type=oneshot` ne, a ƙara masa `RemainAfterExit=yes` idan ana so ya ci gaba da nunawa a matsayin mai aiki.

`ExecStart=` ba tagar umarni ba ce. Alamomin `|` da `>` da `&&` ba sa aiki a nan yadda ka saba, kuma `~` ba ya nufin foldarka. Rubuta cikakkiyar hanya tun daga `/`. Idan dole sai ka haɗa umarni biyu, sa su a fayil ɗin umarni guda ka kira shi, ko ka rubuta `/bin/sh -c '...'`. Haka nan ba a karanta `.bashrc` ko `.profile` naka, don haka duk wata ƙima da shirin ke tsammani, kamar kalmar sirri ta rumbun bayanai, sai ta fito daga `/etc/rahoto.env`, layi-layi a siffar `SUNA=ƙima`. Ka kulle fayil ɗin da `chmod 600` a hannun root. systemd ne ke karanta shi kafin ya sauka zuwa asusun `rahoto`, don haka kullewar ba za ta hana komai ba. Masu Python su lura: idan shirin yana cikin keɓaɓɓen muhalli na `venv`, ba a buƙatar wani `activate`, kawai ka nuna `python` ɗin da ke cikinsa, misali `/opt/rahoto/venv/bin/python`.

`Restart=on-failure` yana sake tayar da shirin idan ya faɗi, ya bar shi idan ya fita lafiya ko kai ka tsayar da shi. `RestartSec=5` kuma yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Idan ba ka sa shi ba, jiran kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne kawai, alhali ƙa'idar systemd ta asali ita ce sabis ɗin da aka yi yunƙurin tayarwa fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 a daina gwada shi. Ke nan shirin da ya faɗi don kawai rumbun bayanai ya makara da daƙiƙa uku zai cinye damarsa nan take, a bar shi kwance har sai mutum ya zo. Da tazarar daƙiƙa 5 ba zai kai wannan iyakar ba, zai yi ta gwadawa har abin da yake jira ya iso.

Sashen `[Install]` shi ne abin da `enable` ke karantawa. `multi-user.target` shi ne matakin da na'ura ta gama tashi har ana iya shiga, ko da allon hoto ko babu.

Yanzu ka duba rubutun, ka sanar da systemd, ka sa shi a jeri:

```
systemd-analyze verify /etc/systemd/system/rahoto.service
sudo systemctl daemon-reload
sudo systemctl enable --now rahoto
```

Za ka ga layi mai farawa da `Created symlink`. Abin da `enable` ya yi ke nan gaba ɗaya: ya ajiye ɗan mahaɗi a cikin `/etc/systemd/system/multi-user.target.wants/` mai nuni zuwa fayil ɗinka. Yi `ls -l` a wannan foldar, za ka ga yawancin abubuwan da aka sa su tashi tare da na'urarka a jere, kowanne da kibiyarsa. `disable` cire mahaɗin kawai yake yi. Duk lokacin da ka gyara fayil ɗin sabis da hannu kuma, sai ka sake `daemon-reload`, sannan `restart`, in ba haka ba tsohon rubutun ne ke aiki.

Idan sabis ɗin na wata manhaja ce da ka girka, kana so ka sauya layi ɗaya kawai, kada ka taɓa fayil ɗinta. `sudo systemctl edit nginx` zai buɗe maka ƙaramin fayil mai suna `override.conf` wanda ake ɗorawa a kan na asali. Abu ɗaya za ka kiyaye: don sauya `ExecStart=`, sai ka fara rubuta shi fanko a layi ɗaya don share na da, sannan sabon a layi na gaba.

Mataki na huɗu: sake tayar da na'urar

Babu gwajin da ya maye gurbin wannan. `start` da ya yi nasara da rana, bayan komai ya daɗe da hawa, bai nuna komai game da daƙiƙun farko ba. Ka zaɓi lokacin da kake kusa kuma babu mai dogaro da na'urar, ka sake tayar da ita da kanka.

Idan na'urar tana nesa, ta SSH kake shiga, duba abu biyu kafin ka danna. Na farko, SSH ɗin kansa yana cikin jeri. A Ubuntu daga 22.10 zuwa sama `ssh.socket` ne ke sauraro a madadinsa, don haka ka duba shi ma kafin ganin `disabled` ya tayar maka da hankali. Na biyu, idan ka ƙara faifai a `/etc/fstab`, wato fayil ɗin da ke jera faifan da za su hau a lokacin tashi, gwada da `sudo mount -a`, ka kuma sa `nofail` ga duk faifan da na'ura za ta iya tashi ba tare da shi ba. Faifan da aka rubuta a can ba tare da `nofail` ba, idan ba a same shi ba, yana iya jefa na'urar cikin yanayin gaggawa, inda babu SSH, sai an je gabanta.

Bayan ta dawo:

```
systemctl status rahoto
systemctl --failed
journalctl -u rahoto -b
```

`-b` yana taƙaita bayanan ga wannan tashin. `-b -1` na tashin da ya gabata ne, amma sai idan ana adana kundin a faifai, wato foldar `/var/log/journal` tana nan.

A cikin `status` akwai lambobi uku da za su rage maka yawo. `203/EXEC` na nufin an kasa kunna abin da ke `ExecStart=`: hanyar ba daidai ba ce, ko fayil ɗin ba shi da izinin gudana, ko layinsa na farko mai `#!` ya ɓace. A Fedora da RHEL, tsarin tsaro na SELinux ma yakan jawo wannan idan fayil ɗin yana foldar wani mutum a `/home` ko daga can aka matso da shi. Mayar da shi `/usr/local/bin` ko `/opt`, ka bi shi da `restorecon` don gyara alamar da SELinux ke yi masa. `217/USER` na nufin asusun da ka rubuta babu shi. `200/CHDIR` kuma foldar `WorkingDirectory=` ce babu, ko ba a iya shigarta. Idan ka ga `start request repeated too quickly`, iyakar nan ce ta sau 5. Gyara ainihin matsalar, sannan `systemctl reset-failed rahoto`. Idan kuma sabis yana aiki da hannu amma yana faɗuwa a lokacin tashi kaɗai, kusan kullum ya riga wani abu ne da yake buƙata. `systemd-analyze critical-chain rahoto.service` zai nuna maka abin da ya jira da lokacin da kowanne ya hau, daga nan ka ga abin da ba ka sa a `After=` ba.

Sabis na mutum ɗaya

Ba komai ne ke buƙatar root ba. Kana iya ajiye fayil ɗin a `~/.config/systemd/user/`, ka cire layin `User=`, ka sa `WantedBy=default.target`, ka yi aiki da `systemctl --user enable --now`. Sai dai irin wannan yana tashi ne idan ka shiga asusunka, ya tsaya idan ka fita daga zamanka na ƙarshe. Don ya tashi tare da na'ura ko ba ka shiga ba:

```
sudo loginctl enable-linger sunan-asusunka
```

Inda babu systemd

A tsohon tsarin SysV, kowane sabis fayil ɗin umarni ne a `/etc/init.d/`, kuma ana sa shi a jeri da mahaɗai a foldoji irin su `/etc/rc2.d` ko `/etc/rc3.d`. Masu farawa da `S` na kunnawa ne, masu `K` na kashewa, lambar da ke biye kuma ita ke tsara wanda zai riga. Ba a yin su da hannu. A dangin Debian `update-rc.d rahoto defaults`, a RHEL 6 da na gabansa `chkconfig rahoto on`.

OpenRC: `rc-update add sshd default` don jeri, `rc-service sshd start` don yanzu, `rc-status` don dubawa. Void Linux da ke amfani da runit kuwa mahaɗi ɗaya ne ke yin duka biyun: `ln -s /etc/sv/sshd /var/service/`.

FreeBSD ta tattara komai a fayil guda, `/etc/rc.conf`, abin da nake gani ya fi kowanne sauƙin karantawa, don da kallo ɗaya za ka san me aka kunna. `sysrc nginx_enable="YES"` yana rubuta layin, `service nginx start` yana kunnawa. Idan ba ka rubuta layin ba, `start` zai ƙi, sai dai `onestart`, don haka da wuya mutum ya faɗa tarkon kunna abu ya manta da jeri. Fayilolin sabis na manhajojin da aka girka suna `/usr/local/etc/rc.d/`, kuma layukan `PROVIDE` da `REQUIRE` da ke samansu ne `rcorder` ke karantawa ya tsara su. A OpenBSD `rcctl enable` da `rcctl start` ake yi, saitin ya tafi `/etc/rc.conf.local`.

macOS tana amfani da launchd tun Mac OS X 10.4 a 2005. Fayil ɗin `.plist` da ke `/Library/LaunchDaemons` yana tashi tare da na'ura, na `LaunchAgents` kuwa sai wani ya shiga. A ciki ka sa `Label`, `ProgramArguments`, da `RunAtLoad` a kan `true`, sai `KeepAlive` idan kana so a riƙa sake tayar da shi. Dole fayil ɗin ya zama mallakar root, kuma kada wasu su iya rubutu a cikinsa, in ba haka ba launchd zai ƙi shi. Ana loda shi da `sudo launchctl bootstrap system` tare da cikakkiyar hanyar fayil ɗin.

Saura gajerun hanyoyi biyu da za ka ci karo da su: layin `@reboot` a cikin `crontab`, wato jadawalin ayyukan da ke gudana da kansu, da fayil ɗin `/etc/rc.local`. Suna aiki, kuma systemd a Debian da Ubuntu har yanzu yana gudanar da `rc.local` idan yana nan da izinin gudana. Don aiki ƙarami na sau ɗaya, kamar share wata folda ta wucin gadi, ba laifi. Don shirin da zai zauna yana aiki kuwa ba na ba da shawararsu: babu mai sake tayar da shi idan ya faɗi, babu `status` da zai gaya maka halinsa, kuma ba ka da hanyar cewa ya jira faifai ko sadarwa sai ka sa `sleep 30` a gaba, wanda zai isa yau ya kasa ranar da sadarwa ta makara. Idan ka gaji na'ura mai irin wannan layin, kwashe umarnin ka mayar da shi `ExecStart=`, ka maye `sleep` ɗin da `After=` da `Wants=` na abin da ake jira, sannan ka goge tsohon layin kafin ka sake tayarwa, don kada shirin ya tashi sau biyu su yi ta rigima a kan tashar sadarwa ɗaya.